Ranar da Na Ɗaure Tukunyar Inna

Akwai wata 'yar ƙara da duk inda na ji ta sai na waiwaya, wato ƙas-ƙas ɗin dafaffen ƙwai idan aka buga shi a gefen abu mai tauri. Shekaranjiya da safe jikata ta buga nata a bakin teburi tana saurin tafiya makaranta, sai kawai na tsinci kaina a madafin Inna a unguwar Liman Abaji, hayaƙi ya cika mini ido, ina 'yar shekara biyar ina huci kamar an cinye mini gado. Bari in ba ku labarin, domin 'ya'yana sun gaji da jin sa, ni kuwa ban gaji da faɗa ba.

Mu tagwaye ne, ni da ɗan'uwana namiji. Ni na riga shi fitowa, kuma har yau ban bar shi ya manta da haka ba. Ba mu cika shekara huɗu ba aka haifi gambonmu, ƙanwar da ke bin tagwaye. Baba direban babbar mota ne, yana yi wa wani mai kuɗi jigilar doya da dawa zuwa Jos da Kaduna. Shekarun nan ne da aka gama yaƙi, aka koma tuƙi ta hannun dama, kuɗin man fetur ya fara sa kowa gini, saboda haka motar ba ta hutawa, shi ma ba ya hutawa. In mun gan shi sau biyu a wata, to, watan ya yi albarka. Gidan ya zama daga Inna sai Kaka, mahaifiyar Baba, sai mu uku. Da na girma na yi lissafi, na ga lokacin Inna ba ta ma kai shekara ashirin da biyar ba. Ni a idona tsohuwa ce tukuf wadda aka halitta don ta yi mana wanka.

Ban taɓa ganin Inna ta sha kunu da zafinsa ba. Za ta dama, ta zuba wa Kaka, ta zuba mana, ta ajiye nata a gindin turmi ta rufe da faifai. Kafin ta kai ludayi baki wani ya ɓata wando, ko wani ya faɗi ya fasa leɓe, ko akuya ta shiga ɗaki. Sai wajen azahar za ta tuna da kunun, ya yi sanyi ya daskare, ta shanye shi a tsaye. Kitsonta kuwa na sha ganin rabin kai a kitse rabi a tsefe har kwana uku, ta dai danne da ɗankwali, domin duk ranar da ta kwantar da kai a cinyar makitsiya, ranar muke ƙirƙiro sabuwar ɓarna. Mun taɓa juye mata gishirin wata guda a randa don mu ga inda yake tafiya in ya narke. Mun jefa takalminta ƙafa ɗaya a rijiya, da muka ga ta damu sai muka jefa ɗayan don su haɗu. In ta tayar da salla muna gefe muna jiran sujada, ɗaya ya hau ta dama ɗaya ta hagu, ita kuma ta kasa ɗagowa kada mu faɗi, har Kaka takan ce uwar biyu ta fi limamin Juma'a daɗewa a ƙasa.

Ga kuma sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece, ta kai inji, ta dawo ta yi ta juya tunkuza a turmi har kafaɗunta su yi tsami. Gambonmu tana rarrafe lokacin, kuma ba abin da take so a duniya irin wuta, don haka Inna takan ɗaura mata tsohon ɗankwali a ƙafa ta ƙulla a jikin turmi, yarinya ta yi ta zagaye tana tsala ihu. Ranar wanki kuma mu ɗunguma rafin Antau, kaya a kai, goyo a baya, mu biyu muna riƙe da gefen zaninta, ido ɗaya a kan sabulu ɗaya a kanmu kada ruwa ya ja wani.

In abin ya kai mata iya wuya, magana ɗaya gare ta.

"Yau kam zan koma Panda, gidan ubana. Ku zauna ku cinye gidan."

Sai ta ƙulle zannuwa biyu, ta ɗora a kai, ta taka har zaure. Mu ruga mu rungume ƙafafunta muna kuka da majina, muna rantsuwar mun daina. Ta tsaya jim, ta yi tsaki, ta dawo ta kwance ƙullin ta ci gaba da tankaɗe. Panda ba wani nisa gare ta da Keffi ba, amma a wurinmu nan ne bangon duniya. Kusan kowane mako sai Inna ta tafi Panda, kuma ba ta taɓa wuce zaure ba.

Duk wannan wahala ce irin ta kowace uwa. Abin da ya ƙara wa Inna nata nauyin shi ne dokar tagwaye, kuma Kaka ce alƙaliyarta. A wancan zamani mutane da yawa sun yarda 'yan biyu ba kamar sauran yara ba ne. Ana cewa in aka fifita ɗaya a kan ɗaya, wanda aka ɓata wa rai zai iya aiko maka kunama, ko ya ɗaure tukunya a yi ta hura wuta ruwa ya ƙi tafasa. Mafi muni, ana cewa zai iya yin fushi ya koma inda ya fito. Kada ku yi wa Kaka dariya. Ita ma ta taɓa haifar tagwaye tana da ƙuruciya, aka saya wa ɗaya hula ba a saya wa ɗayan ba, kafin shekara ta zagayo duk biyun suka rasu. Har ta bar duniya ba wanda ya iya raba ta da cewa hular nan ce.

Saboda haka komai namu sai an daidaita. Yadi ɗaya ake yanka mana, ni riga shi jamfa. Kwanukanmu iri ɗaya, ludayanmu iri ɗaya. Tsokar nama sai Kaka ta ɗaga ta duba ta gaba ta baya kafin a ba mu. Mangwaro guda ɗaya kuwa ba ya rabuwa daidai saboda ƙwallo, don haka Kaka ke shanye shi da kanta don a zauna lafiya. Har duka ma sai an daidaita. In ɗan'uwana ya yi laifi Inna ta make shi, dole ta nemo ni duk inda nake ta ɗan taɓa ni, ni kuma in fi shi ihu. Ku ɗauka mace ce ta gaji, ranta a ɓace, amma sai ta bi gida tana neman yarinyar da ba ta yi komai ba don ta cika hukunci. Na sha jin tana gunaguni ƙasa-ƙasa, amma ban taɓa ji ta ɗaga wa Kaka murya ba. Mu kuwa mun gane inda ƙarfinmu yake. In ina son alewa, sai in je in tsaya kusa da murhu in zuba wa tukunya ido in ɓata fuska, nan da nan Kaka za ta fara kwance bakin zani.

Da daminar shekarar da muka cika biyar ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama mu tare, har Kaka ta ce ko cutar ma ta san doka. Ni kwana kaɗan na yi na miƙe na koma ɓarna. Ɗan'uwana kuwa ƙurajen sun bushe amma shi bai tashi ba. Ya daina gudu, ya daina dariya, ya daina hawa bayan Inna a salla. Sai ya zauna a tabarma tun safe, ya zuba wa bango ido, in na tsokane shi ya yi wani siririn kuka da ba hawaye. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Baba kuma motarsa ta lalace a can wata hanya mai nisa, saƙo kawai ya aiko cewa suna jiran kayan gyara. Kaka ta yi ta jiƙa saiwoyi da sassaƙe masu ɗacin tsiya, kuma saboda doka ni ma da nake garau sai an toshe mini hanci an ɗura mini nawa kason.

Daga nan sai ƙafafunsa da kumatunsa suka fara cika. Kaka ta yi murna, ta ce alhamdu lillahi, ƙiba ta fara dawo wa angonta, haka take kiransa don wasan jika. Inna ma ta so ta yarda.

Akwai wata mata 'yar kudu da ke haya kusa da mu, mijinta makanike ne a tasha, ita kuma tana aikin jinya a asibiti. Wata rana ta shigo sayen man gyaɗa, ta gan shi zaune, ta ajiye kwalbarta ta durƙusa ta taɓa ƙafarsa. Ni ina can ina bin fara, ban ga abin da ta yi ba, na dai ji ta da Hausarta mai karkata tana cewa, "Maman biyu, wannan ba ƙiba ba ne. Ruwa ne. Jikinsa yunwa yake ji." Ta ce a kai shi asibiti, a riƙa ba shi kunun gyaɗa da wake, kuma kullum a dafa masa ƙwai guda ya cinye shi duka, kada a fasa ko rana ɗaya.

Kunun gyaɗa da wake ba matsala, ana iya zuba mana kwano biyu. Ƙwai ne matsalar. Annoba ta share kajin Inna tun bazara, saura wata baƙar kaza guda, ita kuma ƙwai ɗaya take yi a rana, ba ta san da dokar tagwaye ba. Gidan da maigida bai dawo ba, ciniki kuma ya tsaya saboda jinya, ba ya sayen ƙwai a kasuwa. Da Inna ta kai wa Kaka maganar, Kaka ta fara da cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama, asibiti kuma a jira uban yara ya dawo. Daga baya ta sassauta a kan ƙwan, amma da sharaɗi. Ta zaro zare daga bakin zaninta, ta kama gefe ɗaya da haƙori, ta yanka ƙwan gida biyu cif, ta miƙa mana. Ranar na fara ɗanɗana ƙwai a rayuwata, na kuwa ji abin da ban taɓa ji ba.

Kwana biyu aka yi haka. A rana ta uku Inna ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ta ce kazar ta daina ƙwai. Ƙarya ta yi mata, ita da ko musu ba ta taɓa yi da ita ba.

Daga ranar, kullum da hantsi sai Inna ta ce in je in cire wa Kaka furfura. Aikin da nake so ne, don Kaka na ba da labari in ana yi mata, kuma furfurarta ba ta ƙarewa. Ashe ina can Inna kuma ta ɗauko ƙwan daga bayan randa inda kazar ke yi, ta jefa shi cikin ruwan da za ta dama kunu, ta shigar da ɗan'uwana madafi, ta juya wa ƙofa baya ta ba shi. Kusan mako guda tana haka. Abin da ta manta shi ne a tabarma ɗaya muke zama, kuma hancina lafiya lau yake. Na ji ƙanshin a bakinsa. Na tambaye shi, ya kawar da kai. Washegari da aka aike ni, na taka har ƙofar Kaka, na dawo a hankali na laɓe a jikin zanar madafi. Can sai na ji ƙas-ƙas a gefen turmi.

Ihun da na yi ranar, na tabbata an ji shi har bakin kasuwa. Kaka ta fito da sanda tana tsammanin maciji ne. Ta tarar da Inna durƙushe da rabin ƙwai a hannu, ɓawo a cinyarta, ɗan'uwana yana tauna a hankali. Na tako har gabansu. Na nuna tukunyar tuwo da ke kife a gefe, na ce da iya ƙarfina, "Na ɗaure ta! Yau ba mai cin tuwo a gidan nan!"

Ban sani ba ko na yarda ina da wannan iko. Ina jin rabi na yarda, rabi kuma so nake kawai a ji zafin da na ji. A wurina ba maganar ƙwai ba ce kaɗai. Inna ce ta zaɓa, kuma ba ni ta zaɓa ba.

To, kwana uku ke nan ana ruwa a Keffi ba ƙaƙƙautawa. Matan ƙauye masu kawo itace ba su shigo ba don rafuka sun cika, wanda ke gidan kuma ya sha ruwa har ciki. Bayan azahar Inna ta ɗora tukunya. Ta hura, ta fifita da faifai, ta tsiyaya ɗan kananzir daga fitila, wuta ta yi bal ta mutu. Hayaƙi ya turnuƙe madafin, gambonmu tana goye tana tari tana kuka. Ta sake jera itacen, ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa toka, ta yi ta hurawa. Aka kira la'asar ruwa ko motsi bai yi ba. Ni ina zaune a bakin ƙofa na harɗe hannu, tsoro da alfahari suna kokawa a cikina.

Kaka ta zo ta tsaya a kan Inna. Ita Kaka ba tuwon take ji ba, hular nan take tunawa.

"Uwar biyu, kin ga abin da nake gudu. Ki ba yarinyar nan haƙuri. Ki ce mata ƙwan gobe nata ne, na jibi ma nata ne, har a daidaita."

Inna ta ci gaba da hura wuta. Na zuba kunne ina jiran ta ce za ta koma Panda, don na san in ta faɗi haka, za mu yi kuka, ta yi tsaki, komai ya koma daidai. Ba ta faɗa ba. Shirun nan ya fi duk wani faɗa da ta taɓa yi mini ban tsoro.

Sai ta miƙe, ta share ido da gefen zani, ta je ta ɗauko ɗan'uwana ta zaunar da shi a cinyarta a bakin madafin. Ta ce in zo. Na zo ina turo baki. Ta kama ƙafata, ta danna babban yatsanta a ƙwaurina, ta ɗaga. Wurin ya koma yadda yake nan take. Sannan ta kama yatsana, ta ɗora a bayan ƙafarsa, ta ce in danna. Na danna. Ƙafar sanyi ƙalau, kuma yatsana ya nutse kamar a cikin tuwo. Da na ɗaga, sai ga rami daidai girman yatsana. Na jira ya cike, ya ƙi. Na shafa, ya ƙi. Na ɗauka ni na huda shi, na fashe da kuka.

Inna ta sunkuyar da kai, ba ta kalli Kaka ba, ta ce, "Iya, ku yi haƙuri, ku duba da kanku. Ciwon nan bai raba musu daidai ba. In na raba daidai, wannan zan rasa." Sannan ta juyo gare ni, idanunta jajur saboda hayaƙi. "Ke kuma ki ɗaure tukunyar. Ki ɗaure duk tukwanen garin nan, mu kwana da yunwa. Amma gobe shi zai ci ƙwan."

Kaka ta jingine sandarta, ta durƙusa da ƙyar, ta danna ɗaya ƙafar. Ta daɗe tana kallon ramin. Sai ta tashi ta shige ɗakinta. Akwai busassun guma-gumai da take ɓoyo a ƙarƙashin gado, waɗanda take gasa gwiwoyinta da su in sanyin damina ya kama ta, ko Baba bai isa ya taɓa su ba. Ta kwaso su duka ta zube a gaban murhu. Sannan ta zauna a kan turmi ta yanke hukunci irin na alƙalin da ba ya son a ce dokarsa ta karye.

"Ƙwan nasu ne su biyu. A riƙa sa shi a hannun wannan. In ita ta ba shi da hannunta, ba wanda ya raba su, kyauta ta yi wa ɗan'uwanta." Ta dube ni. "To, 'yar biyu, kin yarda? In kin yarda kwance mana tukunya, yunwa nake ji."

Na ce na kwance, ina shessheƙa. Kafin a jima wuta ta kama, ruwa ya fara ɓararraka. Kaka ta ɗaga hannu ta ce kun gani ko. Ni na ga busasshen itace da idona, amma na karɓi yabon.

Washegari Kaka da kanta ta ce ba sai an jira kowa ba. Ta goya gambonmu, Inna ta goya ɗan'uwana, ni ina biye da ƙafa, muka tafi asibiti cikin taɓo. Aka ba shi magani, aka maimaita abin da maƙwabciyarmu ta faɗa.

Daga nan aikina ya fara, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba. Kullum da hantsi Inna za ta tsamo ƙwan, ta sa a ruwan sanyi, ta ɗora a tafina. Ni zan buga shi a gefen turmi, ni zan ɓare, ni zan riƙa gutsura ina sa masa a baki, ƙanshin yana shiga hancina, yawuna yana tsinkewa. Abin da ya maƙale a jikin ɓawo shi ne ladana, nakan lashe shi har ɓawon ya yanke mini harshe. Inna takan yi kamar tana tankaɗe, amma na san tana kallona ta gefen ido. Sau ɗaya na ɗan gutsiri gwaiduwa na kai baki, ta yi gyaran murya, na fasa. In mun gama sai in kama ƙafarsa in danna in ga ko ramin ya ragu. Da kazar ta gaji ta kwanta kwanci, Allah ya dawo da Baba, ya shigo da kwandon ƙwan zabi da ya saya wurin matan Fulani a hanya. Lokacin ana iya ba ni nawa, aka kuwa ba ni. Amma nasa ni ce dai mai ɓarewa, ban yarda kowa ya karɓe mini ba.

Wata safiya, damina ta ja baya, dawa ta fara fitar da kai, na danna ƙafar ta dawo tsaf. Na sake dannawa da ƙarfi har ya ce wash ya kai mini naushi. Wata biyu rabon da ya doke ni. Na ruga ina ihun babu rami, babu rami. Inna tana tsakiyar daka, ta saki taɓarya, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zani. Da yamma ya kifar mata da kwalbar man gyaɗa, ta make shi, ta nemo ni ta ɗan taɓa, ta ce gobe da sassafe za ta koma Panda. Ranar muka san gida ya dawo daidai.

Ban bar maganar ta mutu ba. Har na yi aure, in ina son tsokanar Inna sai in ce ai na san wanda ta fi so, ita kuma ta ce in rufe mata baki, mai ɗaure tukwanen mutane. Da na zo haihuwar fari aka dawo da ni gida wanka. Lokacin Kaka ta daɗe da rasuwa, ɗan'uwana kuwa ya zama ƙaton makanike wanda sai ya karkata yake shiga ƙofar zaure. Wata safiya bayan na fito daga wankan ruwan zafi, yana zaure yana karyawa, Inna ta yafito ni da hannu zuwa madafi. Na shiga. Ta saki labulen buhu a ƙofa. Sai na ji ƙas-ƙas a gefen tsohon turmin nan. Ta ɓare da kanta, ta danƙa mini.

"Juya baya. Ci maza kafin ya shigo."

Na fara dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta zauna a kan turmin tana kakkaɓe ɓawo daga zaninta, ta ce, "Kin ɗauka ban yarda da maganar kakarku ba? Na yarda. Duk ranar da na ba shi a ɓoye, sai in yini ina taɓa jikinki, ina tsoron ki ji a ranki ki yi fushi ki tafi. Na dai rasa yadda zan yi ne."

Nan na daina dariya. Duk shekarun nan na ɗauka ta zaɓe shi ne ta bar ni. Ashe tsoron rasa mu biyu take ɗauke da shi, ita kaɗai, tana 'yar yarinya, ba wanda za ta gaya wa. Na cinye ƙwan ina kuka, ta ce in yi a hankali kada in shaƙe.

Yanzu Inna ta yi shekaru a ƙasa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, don a nan ba ta huta ba. Keffi ta cika ta tumbatsa tun da Abuja ta matso, inda muke bin fara duk ya zama shaguna da gidajen haya na ɗalibai. Ƙwai ga shi nan a jere a kowane lungu, ana soya shi da taliya a bakin titi. Tagwayen yanzu ba mai jin tsoronsu, kowa da kalar rigarsa, tukunya kuma a kan gas take, ba wanda ya isa ya ɗaure ta. 'Yata da nake zaune wurinta yara biyu gare ta, ga famfo ga injin wanki, amma kullum sai ta ce za su haukata ta. Ba na yi mata gori. Na ga shayinta yana hucewa a kan teburi har azahar, na san gajiyar dai ita ce, kaya kawai ta sauya.

Shekaranjiyar nan, jikar tawa ta cinye farin ƙwan ta ture gwaiduwar gefen faranti, wai ba ta so, ta suri jaka ta fice. Uwarta ta bi ta da takalmi ƙafa ɗaya tana faɗa. Na ɗauki farantin na kai madafi. Ba kowa a gidan da zai ƙwace mini, amma sai da na juya wa ƙofa baya, sannan na cinye maza.